'Yar Sojan Gona

Babana suna biyu gare shi, kuma tun ina 'yar shekara tara na san ɗaya daga ciki na aro ne.

A bariki muke a lokacin, can kudu. Kakata, uwar Baba, ta zo mana daga gida ta yi wata guda. Duk bariki da suna ɗaya aka san Baba. Shi ne a ƙirjin kakinsa, shi ne a bayan sunana a makaranta. Ita kuwa tsohuwa in za ta kira shi wani suna daban take faɗi, gajere, na yarenmu. Ni da bakina da ba ya jiran izini, sai na tambaya a bakin famfo, gaban matan sojoji wajen shida: "Mama, me ya sa Kaka ba ta san sunan ɗanta ba?"

Mata suka yi dariya. Mama ma ta yi. Da muka shiga ɗaki ta ja ƙofa, ta kama kunnena, ta ba ni labarin tana murɗawa, yadda zai shiga da kyau.

Shekarar da aka zo ɗibar soja a Zuru, sai mai takardar gama firamare ake ɗauka. Baba bai taɓa shiga aji ba, yana kan dutse yana noma. Wansa, wanda muke kira Baba Babba, shi ya yi makarantar mishan ya gama, amma ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma shi ko kaza aka ce ya yanka sai ya ce yana da uzuri. Sai Baba ya ɗauki takardar wansa ya shiga layi. Da aka kira sunan da ke jiki ya amsa. Tun daga ranar yake amsawa.

"In maganar nan ta fita," in ji Mama, "'yan jar hula, 'yan sandan soja, za su zo su tafi da babanku gadurum, su tuɓe masa kaki, mu kuma a watso mana kaya waje. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Na ji. Shekara goma sha uku na riƙe maganar nan. Ban gaya wa ƙawa ba, ban gaya wa fasto ba, ko ƙannena ban gaya wa ba. Baba ya yi ritaya yana saje, muka dawo Zuru muka zauna a unguwar Rikoto, ya koma gona, na gama sakandare, duk tana cikina. Mama ta sabunta gargaɗin: yanzu ba kaki za a tuɓe ba, fansho za a tsayar, sannan a kai shi kurkuku da furfurarsa. Ban san ko haka dokar take ba. Har yau ban sani ba, don ban ga wanda zan tambaya ba tare da ya ce me ya sa nake tambaya ba.

Sannan na zubar da maganar cikin minti biyar, gaban mutumin da bai tambaye ni ba.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa garin ba, ana zuwa ƙarƙashin lema a biya a buga. Na yi shekara biyu a gida ina taya Mama sayar da kunun zaƙi. Wata nas da muke coci ɗaya ta ce wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa yana neman mai ba da kati. Aikin ba wuya: a rubuta sunan mara lafiya, a ba shi lamba, in ya dawo a nemo katinsa. Na je, likita ya sa na rubuta layi uku, ya ce rubutuna yana karantuwa, wanda nasa ba ya yi. Ya tura ni wurin mai kula da ma'aikata, wanda kowa ke kira Sakatare.

Sakatare dattijo ne, mutumin wajen Argungu, siriri, da tabarau a kan hanci da biro uku a aljihu. Hausarsa irin ta can ce. Tawa kuwa ta bariki ce da ta kasuwa da ta coci, a gida C'lela muke yi, sai ya zama in yana magana ina bin sa a guje.

Ya juya wani tsohon katin mara lafiya ya rubuta mini abin da zan kawo. Takardar firamare. Sakamakon sakandare. Takardar haihuwa. Takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Fasfo huɗu. Takardar likita cewa lafiyata ƙalau, wadda kuma ba asibitinsu zai ba ni ba, sai na gwamnati. Da fom na mai tsaya mini, wanda za a kama in na gudu da katunan mutane.

"Ki kawo na ainihi da kwafi," ya ce. "In munka duba sunka yi daidai, ranar Litinin ki kama aiki."

Sati biyu na yi ina tattarawa. Mai hoto ya ɗauke ni sau uku, wai ina buɗe ido kamar an haska wa zomo fitila. Fasto ya cika fom, ya tambaye ni ko ina da niyyar sata, in gaya masa tun yanzu ya san inda zai ɓoye. A asibitin gwamnati wani ya dube ni daga sama zuwa ƙasa, ya ce in yi tari, na yi, ya rubuta lafiya. Takardun makaranta da ta haihuwa suna cikin akwatin ƙarfen Baba, an naɗe su a tsohuwar rigar sanyi ta soja, suna warin maganin asu.

Takardar asali ce ta rage. Ita sai an fara da wasiƙar mai garinku, a kai wa hakimi ya buga hatimi, sannan sakatariyar ƙaramar hukuma ta ba ka. Ƙauyenmu yana kan hanyar Ribah, sai an sauka daga titi an hau dutse. Baba yana tsakiyar yankan dawa, na ce masa ya zauna, ai ni ba yarinya ba ce. Na hau babur ɗin kabu-kabu ni kaɗai, ina jin kaina.

Mai gari bai tambaye ni ko ni wace ce ba. Ya kalli goshina ya ce ai na gidan wane ne. Ya tambayi Baba, ya tambayi ciwon bayan Mama, ya sa magatakardansa ya rubuta. Aka ninke wasiƙa aka sa a ambulan. Na kai wurin hakimi, na kai sakatariya, bayan kwana uku aka miƙo mini takarda mai kyau da tambari da hotona a kusurwa. Na ga sunana na fari, na ga ƙauyenmu, na ga hatimi. Murna ta sa na wuce kai tsaye shagon masu kwamfuta aka yi mata lamineshan, aka manne ta cikin leda yadda ko ruwa ba zai taɓa ta ba, balle gyara.

Kiredit shida nake da shi, har da Turanci. Takardar layi bakwai ce. Ban karanta ba.

Ranar Alhamis da hantsi na shiga ofishin Sakatare da fayil ɗina sabo, kore. Ofishin ɗan tsukuku ne, tebur ɗaya, kabad ɗin ƙarfe, da fanka ta tsaye mai ƙara kamar injin niƙa. Ya ce in zauna, na ce na gode, na tsaya. Ya jera takardun a tebur ɗaya bayan ɗaya, yana bin kowace da gindin biro. Ya kai kan ta asali. Ya koma kan ta sakandare. Ya sake dawowa. Ya sauke tabarau ya dube ni ta samansa.

"Ɗiyata, uba nawa gare ki?"

"Ɗaya, yallaɓai."

"To wanga hwa? Takardu huɗu sun ce ke ɗiyar wane ce. Wagga ta ce ɗiyar wani na daban."

Ya juyo mini da ita. A nan na karanta, karo na farko. Mai gari ya rubuta abin da ya sani. A bayan sunana, ga gajeren sunan nan da Kaka take kira, an buga shi da manyan baƙaƙe, an rufe da leda.

Kunnena na dama, wanda Mama ta murɗa, ya ɗauki zafi. Ina ƙoƙarin haɗa wata ƙarya, sai Sakatare ya jingina da kujera, ya ce:

"Ko sojan gona za ki yi muna?"

Yanzu na san murmushi yake yi. A lokacin haƙora kawai na gani.

Ban taɓa jin wannan magana ba. A bariki in an ce soja, soja ake nufi. Sai kaina, wanda ya kasa karanta layi bakwai, ya tashi da aiki kamar an ba shi mai. Soja. Gona. Baba soja ne da aka ɗauko daga gona, ya koma gona. Baba Babba kuma, mai sunan na gaskiya, wanda a takarda shi ne ya yi shekara da shekaru yana fareti, bai taɓa barin gona ba. Kowanne ka ɗauka a cikinsu maganar ta hau kansa daidai. Na ce a raina, shi ke nan, mutumin nan ya sani. Ƙila ma aikin kati tarko ne. Ƙila likita da nas ɗin cocinmu duk da su aka shirya. Har na ji kamar ƙarar fankar nan mota ce ta tsaya a waje.

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba.

"Don Allah yallaɓai kar a kama shi. Ba da mugun nufi ya yi ba. Yunwa ce a gida lokacin, kuma wansa ne ya ba shi takardar da hannunsa, ba sata ya yi ba."

Sakatare ya ce, "Wa?"

Da mai hankali ce, wannan "wa" ɗin ta ishe ta ta ja baki. Ni na ɗauka irin tambayar 'yan sanda ce, su sani amma su so su ji daga bakinka. Na ba shi labarin ɗibar soja. Na gaya masa zancen ƙafar Baba Babba, har da kazar. Na lissafa barikokin da muka zauna, da muƙamin da ya kai. Na ce Baba ya je Laberiya ya dawo da ƙarfe a cinya, in dai suna ne ai ya biya kuɗinsa da jini. Na ce in dole sai an hukunta wani a hukunta ni, ba na son aikin ma, a bar mini ubana. Daga ƙarshe, don kar a ce na ɓoye wani abu, na karanto masa lambar sojan Baba, wadda ya sa muka haddace tun muna yara saboda ko mun ɓata. Ban yi kuskuren ko ɗaya ba.

Da na ƙare, Sakatare ya cire tabarau gaba ɗaya ya ajiye. Ya daɗe yana kallon kabad.

"Yarinya," ya ce, "kin san mi aka nuhi da sojan gona?"

Na girgiza kai, majina tana zuba.

"Duk wanda ya zo da rigar da ba tashi ba. Mai sai da garin rogo ya ce magani na. Wanda ya shiga jarrabawa don wani. Magana ce kawai. Ni wasa nike maki. Na ɗauka magatakardan ƙauye ya sa sunan kakanku, kullum haka suke muna, in ce ki koma a gyara."

Na tsaya a durƙushe. Tashi ma ya zama abin kunya, zama ya zama abin kunya.

"Ashe baban naki soja na."

"E, yallaɓai."

"Ban sani ba sai yanzu."

Ya tattara takardun ya mayar cikin fayil, ya daidaita gefensu a kan tebur. Ya miƙo mini.

"Tashi ki share fuska, kar marasa lahiya su ce na buge ki. Ni takardu anka sa ni dubawa. Ki kawo min su da suna guda, ko wanne na, amma guda. Na ba ki har Litinin ta sama. Abin da kinka hwaɗi kuma, hwankar ga ta cika ƙara."

Na fito. Daga asibitin zuwa Rikoto da ƙafa na tafi, don na kasa buɗe baki in tsayar da kabu-kabu. Ina tafe ina juya maganar fanka. Ya ce ta cika ƙara. Bai ce bai ji ba. Mutum ne da ban san shi ba, ba danginmu ba, ba yarenmu ba, ba cocinmu ba, yana da biro uku da lambar Baba.

Kwana biyu ban faɗa wa kowa ba. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gidanmu sai in leƙa ta kafar ƙofa. Wani mai jar hula ya wuce da safe, na shige bayan randa, ashe mai sayar da goro ne. Mama ta ce ko zazzaɓi ne, ta dafa mini ganyen darbejiya, na shanye ban yi musu ba, don na ga ya dace da ni.

Ranar Asabar da la'asar na sami Baba a gindin mangwaro yana ɗaure bakin buhunan dawa. Na durƙusa nesa da hannunsa. Da yarenmu na faɗa masa, don da Hausa na riga na yi ɓarna. Bai daina ɗauri ba har na kai ƙarshe. Mama, da ta fito da tire ta tsaya a bayana, ta ajiye tiren a ƙasa a hankali.

"Dukanki ya yi?" in ji Baba.

"A'a."

"Tsawa ya yi miki?"

"A'a. Dariya yake yi."

"Me ya tambaye ki?"

"Uba nawa gare ni."

"Sai kika ba shi lambata."

Ya ja igiya ya ƙulle.

"Na ga mutanen da aka ɗaure kwana uku ba su faɗi rabin wannan ba," ya ce. "Da ke aka tura wa abokan gaba, da sun ce ki dakata su nemo takarda."

Mama ta fara, da ƙarfi, daga kunnen da ta murɗa a banza har zuwa kuɗin makarantar da aka zubar. Baba ya ɗaga mata hannu. Ya ce in kawo takardar.

A soja ya koyi karatu, kuma a hankali yake yi, da yatsa. Ya goge hannunsa a wando ya karɓa. Yatsan ya bi sunana, ya tsallaka, ya tsaya. Ya daɗe a wurin. Ya karkata ledar saboda hasken rana, ya sake dubawa.

"Ashe haka ake rubuta shi," ya ce.

Ya haura shekara hamsin, ranar ya fara ganin sunansa a takarda. Ni da na zo da shirin shan mari, sai na rasa inda zan sa idona. Ya tashi ya shiga ɗaki da ita, na ji ƙarar murfin akwatin ƙarfe.

Ranar Litinin da sassafe muka hau babur ɗin maƙwabci, Baba yana tuƙi ina baya, zuwa ƙauye. Muka sami Baba Babba yana gyaran rumbu. Baba ya gaya masa a taƙaice. Tsohon ya yi dariya har ya zauna a kan turmi.

"Saje, yau ka tuna mai kaya? Na ara maka suna ka je ka dawo, ka tafi da shi shekara talatin. Ka haifi 'ya'ya da shi. An harbe ni a Laberiya ina nan ina shuka gyaɗa."

"An ƙara maka girma sau uku ba ka gode ba," in ji Baba.

"Girman da ban ga ko takalmi ba."

Ya juyo kaina. "Ke kuma, uwar surutu, har ƙafata kika kai birni?"

Mu uku muka je wurin mai gari, Baba Babba yana ɗingishi a gaba. Ni na ɗauka za a sha wuya, a ce ana so a sa shi ƙarya. Mai gari ya saurara, ya ce shi bai ga abin wahala ba. A wurinmu 'yar ƙane ta wansa ce. In aurenta ya tashi wurin wa ake zuwa, in ta yi laifi shi ake kai wa ƙara. In ya rubuta ta 'yar Baba Babba, gaskiya ya rubuta, kuma gaban kowa zai maimaita. Ya sa magatakarda ya sake wasiƙa. Wannan karon na karɓa na karanta a tsaye, sau uku, har kwanan wata, magatakarda yana harara ta.

A hanyar komawa Baba Babba ya ce to yanzu an yi raba daidai: ƙanensa ya ɗauki suna, shi ya ɗauki 'ya. Duk saurayin da ya zo nemana, a gonarsa zai yi golmo, noman da ake yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba mutum mata. Baba ya ce ai mun daina wannan, mu 'yan coci ne. Baba Babba ya ce shi bai daina ba, ga ciyawa ta cinye masa gona.

Ranar Juma'a sabuwar takarda ta fito. Ban yi mata lamineshan ba.

Na yi zaton ni kaɗai zan kai. Washegari da na fito da safe sai na ga Baba a tsakar gida, ya yi aski, ya sa kaftaninsa na zuwa coci, ya goge takalmi yana ƙyalli. Mama ta ce ina za shi, kai kansa zai yi? Ya ce mutumin da ya san lambarsa ya kamata ya san fuskarsa.

A ƙofar ofis na ja na tsaya. Baba ya ƙwanƙwasa ya shiga, na bi shi ina riƙe da fayil a ƙirji. Bai zauna ba. Ya tsaya ƙyam, hannuwa a gefe, kamar gaban kwamanda.

"Ni ne uban yarinyar nan. Abin da ta faɗa maka haka ne, ba ta ƙara ba. Na zo in ji abin da za ka yi."

Sakatare ya miƙe. Ya zagayo tebur, ya ba Baba hannu biyu, suka gaisa, gaisuwa mai tsawo: gida, iyali, gajiya, damina, yankan dawa. Ya jawo kujerarsa ta kansa ya ba shi. Sannan ya karɓi fayil ya jera takardu, ya bi kowace da gindin biro, yadda ya yi ran nan.

"Biyar," ya ce. "Suna guda. Abin da za ni yi ke nan, Saje, in sa hannu."

Ya sa hannu. Ya huda takardun ya zura musu igiya, ya rubuta sunana a bangon fayil, ya buɗe kabad ya jefa.

Baba bai motsa ba. "Ɗaya maganar fa?"

"Wagga magana, likita bai ba ni fom ɗinta ba."

Suka kalli juna. Baba ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya miƙe. A waje, kafin ya hau babur, ya ce mini daga yau in an tambaye ni ƙarfe nawa, in faɗi ƙarfe nawa, kar in ba da tarihin agogo.

Na kama aiki ranar Litinin. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan. Tagar katina tana kallon ƙofar Sakatare, kullum sai mun gaisa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da ido. Babu wanda ya zo. Fansho yana fitowa yadda ya saba fitowa, wato in ya ga dama. Amma ba a rubuta mini a ko'ina cewa ya ƙare ba, kuma ni ce na san abin da ke cikin kan mutumin nan, don ni na zuba. In ya kira ni ofis, ko biro zai ara, sai na ɗan tsaya a bakin ƙofa tukuna. In wani mai kaki ya zo karɓar kati, sai in sunkuyar da kai in yi sauri har lambar ta karkace. Nas ɗin cocinmu ta ce wai son soja nake yi.

Da kaka ta zagayo, Baba ya auna dawa a ƙaramin buhu, mai kyau, wadda ya ware don iri. Bai ce ta mece ce ba. Ya ce in kai wa Sakatare. Na ce ko a ba mai kabu-kabu. Ya ce wadda ta kai labari ita za ta kai dawa.

A ka na ɗauka, cikin farar rigata ta aiki, na ratsa layin masu jiran likita suna kallona. Na sauke a gefen kabad. Sakatare ya kwance bakin buhu, ya ɗebo a tafin hannu, ya murza, ya yaba ƙwayar. Ya sa albarka. Na juya zan fita.

"Ɗiyata."

Na tsaya, hannuna a kan ƙofa.

"Ki gaishe min da babanki." Ya mayar da tabarau kan hanci, ya jawo wani fayil. "Duka biyun."

Na ce za su ji. Na koma tagata na zauna, da mutum goma sha wani abu a layi, na yi kamar ina neman wani kati a ƙasan akwati.